Tabon Mai a Farar Takarda

Gwaggo Kwastam ƙanwar babanmu ce. Mijinta ne ya raɗa mata wannan suna, don babu abin da ke wucewa ta bakinsa sai ta tsare shi ta bincika, sunan kuma ya bi ta har yaran dangi suna kiranta da shi a gabanta. Mace ce 'yar siririya, mai saurin tafiya da saurin firgita. Ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ta dafe ƙirji ta yi salati.

Tun tana budurwa take aiki a wani gidan wanki da guga da ke ƙasan bene a bakin babban titi. Wasu na kan injin wanki, wasu na guga, ita kuwa aikinta cire tabo. Teburinta na can kusurwa ƙarƙashin fitila mai haske, da kwalabe a jere, da tsohon buroshin haƙori, da tarin farar takarda. Tabon shayi, na tawada, na tsatsa, na jini, kowanne ta san lagonsa. Wanda ta tsana shi ne na mai.

"Mai munafuki ne," haka take cewa. "Ka wanke riga ta yi fes, kana murna, tana bushewa sai ga shi ya dawo yana maka gwalo."

Dabararta ita ce ta shimfiɗa takarda a kan tabon, ta ɗora dutsen guga mai ɗumi, takardar ta tsotse man. Sai ta ɗaga ta saitin fitila. Duk inda mai ya taɓa, haske na ratsawa kamar gilashi.

Mijinta, wanda muke kira Kawu, mai fenti ne. Abokan aikinsa Ƙadangare suke ce masa, don duk da tumbinsa babu bangon da ya gagare shi. Yakan hau tsani da bokiti a hannu ɗaya yana fito, ko kallon matakalar ba ya yi. Ga shi da son daɗin baki, soyayyen nama, soyayyen ƙwai, kitse mai tsiyaya a kan wuta. Cewa yake abincin da bai sa leɓe ƙyalli ba, ciki aka yaudara.

Sai dai mazan gidansu ba sa daɗewa. Mahaifinsa ya yanke jiki ya faɗi a hanyar kasuwa tun furfura ba ta gama cin kansa ba. Wansa kuma yana tsakiyar dariya a shagon aski ya kife, ko shurawa bai yi ba. Kowa ya san zuciya ce, kowa kuma ya ja bakinsa ya yi shiru.

Ranar da abin ya zo kan Kawu, da ƙafarsa ya sauko daga tsani, ya zauna a kan bokiti yana haɗa gumi, hannunsa a ƙirji. Gajere, abokin aikinsa tun suna samari, shi ya tare mota ya kai shi asibiti. Gwaggo ta iso da rigar aiki a jikinta, hannuwanta na warin sabulu. Aka zura masa siririyar waya ta hannu har zuciya, aka buɗe jijiyar da ta toshe, ya tsira.

Likitar mace ce mai tabarau, mai magana a hankali. Ta kira Gwaggo ta nuna mata hoton jijiyar kafin a buɗe ta. Gwaggo na gani ta gane, don ta san wannan abin. Akwai shekarar da magudanar ruwan gidan wankinsu ta toshe, mai gyaran famfo ya yanke bututun ya nuna musu cikinsa, farin maiƙo ya daskare ya zagaye shi, ramin da ya rage ko ɗan yatsa ba ya shiga. Ashe abin da take zuba wa mijinta a faranti shekara da shekaru ke nan. Tsoron da ya shige ta a ɗakin nan bai sake fita ba.

"A rage mai, Mama, a rage jan nama da gishiri," in ji likita.

"In aka daina gaba ɗaya fa?"

"Akwai masu yin haka. Ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba madara, ba mai ko ɗigo, sai hatsi da wake da ganye da 'ya'yan itace. Da yawa suna ganin amfani, nauyi ya ragu, hawan jini ya sauka. Amma abu ne mai wuya, kuma ba duk likitoci suka yarda sai an kai can ba. In kun zaɓi haka, dole ya riƙa shan wannan ƙwayar." Ta rubuta a takarda. "Akwai abin da jiki ke buƙata wanda babu shi a ganye. Ku riƙa zuwa muna dubawa."

Gwaggo ta yi ta gyaɗa kai, amma abin da ya zauna a kunnenta shi ne ba mai ko ɗigo.

Kafin a sallamo shi ta kyautar da jarkar mai da kaskon suya. Ta koyi laushe albasa da ruwa. Ta koyi dafa wake da tumatir da barkono har ya yi kauri, ta gasa dankali a tanda, ta turara kabeji da alayyafo, ta cika kwando da ayaba da lemo. Abin da aka sayo daga waje kuwa, ko burodi ne, sai ya bi ta teburin bincike. Ta yanki kaɗan, ta sa tsakanin takarda, ta danna da dutsen guga, ta ɗaga a fitila. In haske ya ratsa, yaran maƙwabta sun samu. In Kawu ya dawo daga aiki ta laluba aljihunsa, ta kama yatsunsa ta shinshina, don ta iya jin ƙanshin suya ko a ƙarƙashin warin fenti.

"Kwastam, ga ni na iso bakin iyaka," yake cewa daga ƙofa, hannuwansa a sama. "Wallahi ban ɗauko haramtattun kaya ba."

"Buɗe bakin in gani."

"Yau kuma me aka dafa wa akuya?"

"Akuya mai rai ta fi zakin da aka binne. Wanke hannu."

Ita ma a gida abin da yake ci take ci. A wajen aiki ne ake ba su shayi da madara da dafaffen ƙwai, takan ci cikin kunya, ta kuskure baki kafin ta dawo.

Ƙwayoyin zuciya farare ne busassu, sun wuce bincike lafiya. Ta ƙarshen ce ta tsaya mata a rai, wadda likita ta ce dole. Ja ce mai sheƙi, da ta matsa ta ji ta da laushi. Ta ɗauko allura ta huda ta, wani ruwa mai kauri ya ɗigo a kan takarda. Ta ɗaga a fitila. Haske ya ratsa.

"Maigida, zo ka ga ikon Allah! Mai ne! An hana ka shi a cokali, an ba ka a ƙwaya."

Kawu ya leƙa ya yi dariya. "Ƙila mai kantin magani ne ya yi kuskure. Jefar da ita, dama ƙwayoyin nan sun mayar da cikina kwalba."

Ta juye kwalbar a shara, hankalinta kwance, tana ganin ta kama ɓarawo.

Gaskiya kuma abincin ya yi aiki, wannan ko maƙiyi ba zai musa ba. Tumbin ya zube har ta kai wandunansa wajen tela aka rage. Hawan jinin ya sauka, sukarin da ya fara leƙowa ya koma, minsharin da ke hana maƙwabta sakat ya tsaya. Mutumin da ke haki in ya ɗaura igiyar takalmi ya koma hawa bene da gudu. Da suka koma asibiti likita ta dubi sakamako ta ce ma sha Allah, ta rage masa magani. Daga nan suka fara jan ƙafa. Layin asibiti dogo ne, aiki na jira, mai lafiya kuma me zai je nema? Ƙwayoyin zuciya a kanti ake saye.

Mutum ɗaya ce ba ta gamsu ba, yayarsa, wadda duk muke kira Yaya. Ita ta goya shi, don haka ba ta shakkar kowa a kansa.

"Ke 'yar nan, ki ji tsoron Allah," take cewa. "Ƙanena da ke cika ƙofa kin mayar da shi sandar shanya. Dubi wuyansa. Dubi fatarsa ta bushe kamar takardunki. Ko inji sai an ɗiga masa mai, balle ɗan Adam."

"Yaya, likita ce ta ce."

"Likitar ita ganye take ci?"

Gwaggo ba ta musu da ita. Sai dai bayan ta tafi ta bi ɗakin tana dube-dube, don an taɓa samun ƙunshin nama a bayan kujera.

Shekaru suka ɗan ja, sai wasu abubuwa suka fara. Wata safiya Kawu ya fita ya kai bakin titi da takalmi ƙafa ɗaya, ɗayan yana kwance a ƙofar ɗaki, bai sani ba sai da aka nuna masa. Aka yi dariya. Sai ya fara cewa tafin ƙafarsa kamar an shimfiɗa masa auduga. Harshensa ya yi ja ya yi santsi, barkono kaɗan sai ya sa shi hawaye. Ya riƙa manta inda ya ajiye buroshi, ya haɗa wa wani mai gida launin da ba shi aka ce ba. Wanda ya fi ɗaga mata hankali shi ne ranar da ta ga yana wanke fuska. Ya rufe ido ya watsa ruwa, sai ya tafi luuu kamar bishiyar da ake sara, bango ne ya tare shi.

"Mene ne haka?"

"Santsi ne."

Ta dubi ƙasan. A bushe yake.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Gwaggo cuta ɗaya ta sani a duniya, don haka duk abin da ta gani sai ta ce ita ce. Bututun ya sake toshewa, ta ce a ranta, wannan karon na ƙafa ne, gobe na kai. In kuwa ya toshe, to mai yana shiga ta wani wajen. Ta ƙara ɗaure igiya. 'Yar gyaɗar da take bari ya taɓa jefi-jefi ta hana. Ta daina sayen burodi kwata-kwata. Takan zauna a teburinta tana goge tabon rigar wani. Wayarta na ƙara gabanta ya faɗi, ta tsaya tana kallonta, ta kasa ɗauka.

Ta ce su koma asibiti, ya ce in sun gama aikin da ke hannunsu. Daga baya ta gane shi ma tsoro yake ji, kada a ce masa ya bar tsani.

Akwai wata mai suya da ke kafa kasko a tsallaken ginin da suke wa fenti, Gajere ne ya ambace ta cikin hira. Gwaggo ta kwana biyu tana juya zancen, ta yanke cewa nan ɓarakar take. Da rana tsaka ta nemi izini a wajen aiki, ta hau mota ta je, ta laɓe a bayan wata babbar motar kaya tana jiran ta kama shi da hannu a kasko.

Ba ya wajen mai suya. Yana can sama.

Bene ne mai hawa uku, suna masa fenti ta waje. Dogon tsanin ƙarfe ya jingina da bango, Kawu na kusa da ƙarshensa yana shafa ƙarƙashin rufi, Gajere na ƙasa yana dama fenti. Ta daɗe ba ta ga mijinta a kan aiki ba, nan take ta ga abin da ya canza. Ba ya fito. In zai motsa ƙafa sai ya sunkuyar da kai ya dube ta, ya bi ta da ido har ta sauka a kan matakala, kamar mai sa wa yaro takalmi.

Ya ɗaga buroshi sama da kansa. Fenti ya ɗigo masa a fuska.

Ta ga ya runtse ido, ya girgiza kai. Buroshin ya suɓuce ya faɗo. Ya rungume tsanin da hannu biyu, ya ɗaga ƙafar dama zai sauko, ƙafar ta yi ta lilo a iska tana neman matakalar da ke nan ƙarƙashinta. Ta taɓa ta, ta wuce, ta sake dawowa. Sai muryarsa ta sauko, siririya, ba irin tasa ba.

"Gajere. Ƙafata tana kan matakala?"

Gajere ya ɗaga kai yana dariya. "Kai Ƙadangare, ka fara iya shegen naka ko? Sauko mu ci abinci, in ganyen naka abinci ne."

"Gajere, don Allah. Ba na gani. Ba na jin ƙafafuna. Suna ina?"

Gwaggo ba ta san lokacin da ta tsallaka titi ba. An ce wata mota ta ja birki har ta yi ƙara, ita ba ta ji ba. Ta dai tsinci kanta a gindin tsanin tana riƙe da shi.

"Kada ka motsa!" ta ƙwala. "Maigida, ni ce. Kada ka motsa ko kaɗan!"

"Kwastam? Me ya kawo ki?"

"Rufe mini baki ka riƙe ƙarfen nan!"

Dariyar Gajere ta ɗauke. Ya tuɓe takalmansa, ya dube ta. "Tsanin nan ba na mutum biyu ba ne. Ki danne shi da duk ƙarfinki, ki sa ƙafa a nan. In kika ji yana zamewa, ki yi ihu."

Mace ce da iska mai ƙarfi za ta iya ɗauka, amma ta kwanta a kan tsanin da ƙirjinta. Wani mai gadi ya rugo ya kama ɗaya gefen. Gajere ya fara hawa, tsanin ya lanƙwashe a tsakiya yana kuka. Duk rawar da jikin mijinta ke yi a can sama tana saukowa ta cikin ƙarfen har tafin hannunta. Farin fenti na ɗigo mata a ɗankwali, a goshi, ba ta iya sharewa. Bakinta na motsi amma addu'ar ta ƙi haɗuwa, sai sunan Allah kawai take maimaitawa. Idonta ya sauka a kan simintin da ke gabanta, ta ga daidai inda zai faɗo, ta yi maza ta rufe idon.

Gajere ya kai. Ya kama idon sawun Kawu da hannu, ya ja ƙafar ya ɗora ta a kan matakala.

"Ta zauna. Saki nauyinka."

"Ka tabbata?"

"Na taɓa yi maka ƙarya in ba a kan mata ba? Saki."

Haka suka sauko, ƙafa bayan ƙafa, Gajere na ɗora masa kowace da hannu. A tsakiya takalmin Kawu na hagu ya fice ya faɗo kusa da Gwaggo, ta saki ƙara don ta ɗauka shi ne. Mutane sun taru, har mai suyar ta bar kaskonta yana ƙauri. Da ya iso ƙasa ya zube a zaune, aka kawo ruwa aka wanke masa ido. Gefen ƙarfe ya yanke shi a tafin ƙafa, jini na bin siminti, shi kuwa sai tambaya yake wa ya ji ciwo.

A asibiti Gwaggo ta riga kowa faɗa. "Shanyewar jiki ce, likita. Mai ya sake toshe shi. Wallahi na yi iya yina, ban san ta inda yake shiga ba."

Likitar nan ce dai mai tabarau. Ta duba zuciya, ta duba hawan jini. Ta soka masa tsinke a yatsun ƙafa, bai ji ba. Ta buga wani ƙarfe mai rawa ta ɗora masa a idon sawu, ya ce bai ji komai ba. Ta ce ya fito da harshe. Ta kwantar da shi, aka ɗebi jini.

Ranar da sakamako ya fito Yaya na nan, ta zo da romon nama a kwano ta ajiye a kan durowa kamar mai neman faɗa. Likita ta ja kujera ta zauna.

"Baba, zuciyarka lafiya lau. Da duk masu irin ciwonka haka jijiyoyinsu suke, da na huta. Matsalar a wani wajen take. Ƙwayar nan da na rubuta muku tun farko, kana sha?"

Kawu ya dubi Gwaggo. Gwaggo ta dubi ƙasa.

"Mai ne a cikinta," ta ce da ƙyar. "Na gwada a takarda. Sai muka zubar."

Likita ta cire tabarau ta murza ido. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi wa Gwaggo sauƙi.

"Mama, man da ke cikinta bai kai wanda ke cikin ƙwayar gyaɗa ba. Abin da yake ɗauke da shi ne muhimmi, ana kiransa B12. A nama da kifi da ƙwai da madara ake samunsa. Jiki yana ajiye shi kamar rumbu, shi ya sa ake shekaru ba a gane ba. In rumbun ya ƙare sai jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙafa zuwa kai su fara lalacewa. Ƙafar Baba ta daina gaya masa inda take, ido ne ke masa aikinta. Ni ma da laifina, da kuka dawo na ga sakamako ya yi kyau ban tambaya ba."

"Ai ga irinta nan!" Yaya ta tafa hannu. "An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Tun yaushe nake faɗa? Buɗe bakinka, ɗan'uwana, ka sha romo."

"Hajiya, a yi a hankali," in ji likita. "Abincin nan shi ya sauke masa jini da sukari. In ya koma cin da yake yi da, zan sake ganinsa a ɗakin da na fara ganinsa, in ma an iso da shi. Abin da nake so, ƙwayar nan kada ta yanke. A dawo masa da gyaɗa, da ɗan man girki a cokali, jiki na buƙatar kaɗan. In yana son kifi jefi-jefi ban hana ba."

Kawu ya dubi kwanon romon, ya daɗe yana kallonsa. "Yaya, Baba da wanmu irin wannan suka sha. Ki ba Gajere, ya fi ni cancanta."

Gwaggo ba ta jin su. Tambaya ɗaya ce a bakinta, ta kasa fitowa sai da likita ta miƙe.

"Ƙafar za ta dawo?"

"Za mu fara allura yau. Wani abu zai dawo. Duka ko rabi, ban sani ba, don an daɗe. Kafin nan ko kan kujera kada ya hau."

Watannin da suka biyo baya Gwaggo ta yi su ne kamar mai tafiya a kan igiya. Ranar da ta fara auna mai a cokali ta tsaya a kan tukunya tana ɗari-ɗari, har rabi ya zube a ƙasa. In ta zuba, tana ganin bututun nan. In ta hana, tana ganin ƙafa na lilo a iska. Kowace safiya ta ba shi ƙwayar da hannunta, ta tsaya har ya haɗiye, sannan ta tsuguna ta mintsine shi a ƙafa.

"Nan fa?"

"Na ji. Ke, a hankali, naman mutum ne."

"Nan?"

Wannan bai ji ba.

Harshen ya warke. Mantuwar ta tafi. Jin ya sauko daga ƙwauri zuwa dunduniya, ya zo tsakiyar tafin ƙafa ya tsaya. Yatsun suka zauna kamar na aro. Dogon tsanin yana kwance a gefen gida, Kawu na wucewa yana shafa shi, yana cewa saura kaɗan.

Ranar gwaji likita ta ce ya tsaya a tsakiyar ɗaki, ya haɗa ƙafafu, ya rufe ido. Ba wanda ya sa Gwaggo, ta zagaya bayansa ta buɗe hannuwa. Ya tsaya. Ta ga jijiyar wuyansa ta miƙe, ta ga yana cije leɓe. Har ta fara sa rai. Sai kafaɗarsa ta karkata hagu a hankali, shi bai ma san yana tafiya ba, ya zo ya sauka a ƙirjinta, suka yi baya tare har bango.

"Na tsaya ai," ya ce yana buɗe ido. "Ita ce ta jawo ni."

"Baba, za ka yi tafiya, za ka yi aiki, za ka ga jikoki in Allah ya so," in ji likita. "Amma kai da tsani kun yi sallama."

 A hanya Gwaggo ta ce ya yafe mata, ya ce tare suka zubar, kada ta sake tayar da zancen. Ita kuwa abin da ta kasa faɗa wa kowa sai daga baya shi ne, a ƙarƙashin baƙin cikin, wani sanyi ta ji da ba zai ƙara hawa ba, har ta ji kunyar kanta.

Yanzu ƙofofi da tagogin ƙasa yake wa fenti, shi ke haɗa wa Gajere launi, ya tsaya a ƙasa yana masa tsiya cewa layinsa ya karkace. Gwaggo na nan a teburinta, har yau in waya ta yi ƙara da rana sai ta dafe ƙirji kafin ta ɗauka.

Tsanin kuwa Gajere ne ya zo ɗauka, bayan ya yi ta ɗage zuwan. Kawu ya ja kujera ya zauna ya ba su baya, wai yana wanke buroshi. Lungun gidan ƙunci gare shi, sai da Gwaggo ta kama ƙarshe ɗaya, Gajere ya kama ɗaya, suna juya shi yana gogar bango. Sun kusa fita sai suka ji muryarsa, bai waiwayo ba.

"Kwastam."

"Na'am."

"Gaya wa wannan gajeren, ƙafar tsanin ta hagu tana ɗan rawa. Ya riƙa sa mata katako kafin ya hau."